Yadda Ɗan Inna Ya Zana Fuskata a Zariya

Tun da na dawo daga Zariya ba ku bar ni na huta ba. A bakin rijiya tambaya, wajen sussuka tambaya, ranar Lahadi ma kafin a tashi daga sujada Kande tana zungura ta da gwiwar hannu tana cewa, "Laraba, wai da gaske zama kika yi aka zana ki kamar ƙwarya?" Na gaji da ba ku labarin guntu-guntu. Tun da Allah ya sa malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta koya mana riƙe fensir, bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ku yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da taɓarya ne.

Wanda ya kira ni ɗan farina ne. Sunansa ba zai fito a takardar nan ba, kun san dalili. Tun da aka yaye shi Inna, uwar maigidana, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, shi ya sa nake ce masa ɗan Inna. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna kirana. Gida ɗaya muke, amma ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. In na tuƙa tuwo sai in ba wani ya kai masa. In ina da magana da shi sai in gaya wa wanda ke kusa, shi yana ji. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka kowace mace mai kunya take yi wa ɗan farinta a ƙasarmu.

Yana babbar makarantar nan ta Samaru, inda ake koya musu zane. Bayan an cire gyaɗa sai ya aiko wa ubansa cewa malaminsu ya ce kowa ya zana fuskar wani nasa da fenti, da wannan aikin za a auna karatunsu na ƙarshe. Ya ce da Inna tana raye ita zai zana, to Allah ya yi mata rasuwa bara, don haka yana roƙon a bar Yaya ta zo. Maigida ya yi ta dariya. Ya ce, "Ke da ba kya iya kallon ƙeyarsa a gaban mutane, shi ne zai sa ki gaba kwana da kwanaki yana kallo?" Na ce ai ba ni zan yi kallon ba. Ban san abin da nake faɗa ba.

Na ɗaure daddawa da kuka da ɗan man shanu, da kaza ɗaya don masu masauki. Maigida ya raka ni da jaki har bakin hanyar Malumfashi, na hau motar gyaɗa, bisa buhuna, zuwa Funtuwa. A can na sake wata. Wadda ta zauna kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai suna Dije, mai sayar da kanwa, bakinta ja wur da goro. Maza suna ta gardamar mulkin kai, wannan ya ce Turawa za su tafi, wancan ya ce ina za su, Dije kuwa ta ce ita dai in za su tafi su bar motocin.

Inda ƙasar Katsina ta ƙare ta Zazzau ta fara akwai shinge, aka ce kowa ya sauko a duba kaya. Mai dubawa ya buɗe ƙullin daddawata, ya shaƙa, ya rufe da sauri, ya ce in wuce. Ana cikin haka igiyar ƙafar kazata ta kwance. Sai ga ta ta bi ta ƙarƙashin shingen a guje, yaron mota yana bin ta, wani dattijo yana tare ta da malafarsa, masu gardamar mulkin kai duk sun bazu cikin karan dawa. Dije tana tafa hannu tana cewa, "Ku bar ta, ta riga mu shiga Zazzau, ita ba a duba kayanta ba!" Da ƙyar aka kamo ta. Na yi ta ba mutane haƙuri har muka kai Giwa.

Can gaba muka wuce wasu dogayen gine-gine farare, da gonakin auduga da aka shuka a layi kamar an ja da zare. Sai da muka yi nisa yaron mota ya ce ai Samaru ke nan muka wuce. Na waiwaya, amma buhuna sun tare.

A tashar Sabon Gari ɗan Inna yake jirana. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ni dai takalmansa na gani, da bakin wandonsa da ya ɗaure saboda keke. Na ce, "Dije, ki tambaye shi ya karatu." Dije ta gane nan take, ta ce, "Au, na fari ne? To samari, an ce ya karatu." Ya ce da godiya. Muryarsa ta yi kauri, ta koma irin ta ubansa.

Ya sauke ni gidan wata Bayarabiya mai ɗinki da suke coci ɗaya, mijinta yana aikin jirgin ƙasa. Iya Bose ake ce mata. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Tana ganina ta rungume ni, ta ɗaga murya duk gidan haya yana ji, ta ce "Iya," ta haɗa da sunan nan da ban taɓa faɗa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe su a wajensu girmamawa ke nan, da sunan ɗan fari ake kiran mace, ita ma Bose 'yar farinta ce. Da na yi mata bayanin namu sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ki yi naƙuda ki haifi mutum, sa'an nan a hana ki sunansa? To wa ya fi ki haƙƙin sunan?" Na ce ba hana ni aka yi ba, kunya ce. Ta ce, "Kunyar me? Ke ce kika saci cikin?" Muka yi dariya, amma har na bar gidan ba ta daina kirana da shi ba, ni kuma ban daina sunkuyar da kai ba.

Abincinsu ku tambayi harshena. Teba ce da miyar agushi, barkono kamar an yi gaba da mai ci. Na ci don kada ta ji ba daɗi, hawaye yana zuba, tana ƙara mini tana cewa ai alamar daɗi ke nan. Ruwa kuwa a famfo yake. Ranar farko na buɗe na rasa yadda ake rufewa, na toshe bakin da tafin hannu ina kiran jama'a, ruwa yana fesa mini a fuska. Gidan nan Nufawa, Ibo, Yarabawa, mutanen Kagoro, kowa da yarensa, in sun haɗu a tsakar gida sai su koma Hausa ko wani irin Turanci da ko ɗan makaranta sai ya kasa kunne. Ta zaga da ni kantunan PZ, na ga atamfa an jera har rufi, ban taɓa komai ba.

Kashegari muka tafi Samaru. Ɗakin da suke aiki babba ne, tagogi duk a gefe ɗaya, yana warin wani abu kamar kananzir. Ina shiga na ga wani tsoho zaune a lungu ya zuba tagumi, idonsa ya kaɗa. Na rusuna na ce, "Sannu baba, Allah ya ba da haƙuri," don duk wanda ya ga wannan fuska ya san an yi masa rasuwa. Sai na ji ɗaliban sun fashe da dariya. Ashe hoto ne, fenti ne a jikin farin ƙyalle da aka ɗaure a katako. Malaminsu, wani Bature dogo mai 'yar Hausa, bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya zana tsohon ya ci jarrabawa yau, tun da baƙuwa ta yi masa ta'aziyya. Sa'an nan ya dafa kafaɗar ɗan Inna ya ce, "Wannan hannunsa ya fi na kowa. Hanci daidai, kunne daidai. Amma fuskokinsa kamar gida ne da aka share, ba kowa a ciki."

Aka ɗora ni a kujera kusa da taga. Ya tsaya gabana da gawayi, daga baya da buroshi. Ya ce, "Yaya, a ɗan ɗago." Na ɗago haɓa, idona yana ƙasa. Ya ce, "A ɗan dubo nan." Na dubi ƙafar teburin da ke bayansa. 'Yan'uwana, na yi noma da ciki, na yi dakan biki, ban taɓa aikin da ya gajiyar da ni kamar zaman nan ba. Ina jin idonsa a goshina, a kumatuna, a bakina, kamar ana ɗora mini garwashi. Sai na ƙanƙame hannuwana, na datse baki, na kau da kai gefe. Haka muka yi kwanaki, kullum da safe mu hau mota mu tafi, da la'asar mu dawo. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Ran Asabar ya ɗauko hoton a bayan keke ya kawo gidan Iya Bose, ya jingina a bango ya yaye ƙyallen da ya rufe shi. Ni ce, ba shakka. Ga zanen fuskarmu a kumatu, ga ɗaurin kallabina, har ɗan tabon da ke haɓata. Amma matar ta juya wa mai kallo kafaɗa. Bakinta a ɗaure kamar bakin buhu. Inuwar da ke ƙarƙashin idonta toka-toka ce mai sanyi, bayanta kuma duhu. In kika shiga gida kika tarar da mace da wannan fuska, ba za ki roƙi ko ruwan sha ba.

Iya Bose ta ajiye almakashi. Ta ce, "Kai, wannan matar wa ya yi mata laifi? Wannan ba baƙuwata ba ce. Gyara bakin, sa mata murmushi."

Ya ce, "Iya, murmushin da aka liƙa ana gane shi. Malam zai gane, ni ma zan gane." Ya goge buroshi a tsumma. Sa'an nan ya ce a hankali, ba da fushi ba, "Abin da na gani na zana. Ni haka na san ta."

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Ban ɗago ba. Ya yi sallama ya hau kekensa ya tafi.

Ba jarrabawar ce ta tsaya mini a rai ba, ko da yake na san in ya kai wannan malamin zai ce har yanzu gidan ba kowa. Abin da ya tsaya mini shi ne, in ya gama za a tura shi koyarwa wata ƙasa mai nisa, Inna kuma ba ta nan, wannan fuskar ce zai tafi da ita a matsayin uwa. In ya yi 'ya'ya ita zai nuna musu. Ni ina tsammani ya sani. Ina tsammani duk ɗan fari ya san abin da ke bayan kunyar nan, ba sai an faɗa masa ba. Ashe shi makarantar kwana ta ɗauke shi tun yana ƙarami, abin da ya gani da ido shi ya riƙe.

Na bi shi da kallo har ya sha kwana, kamar yadda na saba in ya ba da baya. Da na juyo sai na tarar Iya Bose ta tsura mini ido.

Ta ce, "Tun da kika zo kullum haka kike yi. Yana gabanki kamar an aiko miki da sammaci, yana juya baya sai fuskarki ta narke kamar man shanu a rana. Gaya masa mana!"

Na ce, "Da wane bakin?"

Ta ce, "To dube shi."

Na ce, "Iya, shekara ashirin da wani abu wuyana bai koyi wannan ba. Ko na so, ba ya ɗaguwa."

Ta yi tsaki, ta ce Hausawa sai Allah, ta koma kan kekenta na ɗinki. Amma na ga tana taka shi tana tunani.

Ran Litinin ɗan Inna ya zo da sabon ƙyalle fari. Iya Bose ta ce ba za a ƙara wahalar da baƙuwarta da hawa mota ba, a nan rumfarta za a yi aikin. Ta zaunar da ni a tabarma ta turo mini kwandon gyaɗa ta ce in ɓare mata, ba ta ciyar da mai zaman banza. Shi kuma ta kafa masa katakonsa can gaba, ya ba ni baya, wai hasken ya fi kyau ta nan, kuma ai ya riga ya haddace fuskar. Na ji sanyi a raina. Na miƙe ƙafa, ina ɓare gyaɗa, ina jin ƙarar kekenta.

Da na ga ba mai kula da ni, sai na shiga kallonsa. Na daɗe ban same shi kusa haka ba, a zaune wuri ɗaya. Kafaɗunsa sun buɗe. Wuyan rigarsa ya fara cinyewa, na ce a raina ba mai yi masa ɗinki. A bayan kunnensa na dama ga tabon nan na ranar da ya faɗo daga kan rumbu yana shekara huɗu. Ran nan ina bayan zana ina jin kukansa, tsakar gida cike da dangin miji, ƙafata ta ɗaga sau uku ina mayar da ita, har Inna ta zo ta ɗauke shi. Ni na daka maganin da aka sa masa, bai sani ba. Ina kallon tabon ina tuna yadda gashi ya ƙi fitowa a wurin, ga shi har yau bai fito ba. Hannunsa kuwa yana ta aiki, da sauri, ba irin na Samaru ba. Na ga ya bar toka-tokar nan yana ɗibar jar ƙasa da ruwan ɗorawa. Wani lokaci sai ya tsaya cik, ya daɗe, sa'an nan ya ci gaba.

Haka muka yi kwanaki. Gyaɗar Iya Bose ta ƙare ta kawo agushi.

Rana ta huɗu ko ta biyar, da hantsi, wata mata ta zo gwada riga. Ta ce ina madubi. Iya Bose ta ce ya fashe. Matar ta ce, "Ya fashe ina, ga shi can?" ta nuna tsakanin atamfofin da aka rataya a gabansa. Na ɗan karkata na duba. Dogon madubin ɗinkin Iya Bose ne, an jingina shi an rufe gefe da gefe da yadi, an bar tsakiya. A ciki ga ni zaune da kwando. A ciki kuma ga idonsa, yana kallona.

Idona ya shiga cikin nasa. Idanunsa irin na uwata ne, masu ɗan ja a gefe. Ban taɓa sani ba.

Agushin ya zube a tabarma. Keken ɗinki ya tsaya. Matar mai riga ta ce lafiya, Iya Bose ta ja ta waje tana cewa zo ki ga wani leshi.

Bai juyo ba. Ya ce, "Yaya, a gafarce ni. In an ce in bari, zan bari. Sai in kai wancan hoton."

Na tuna uwata, na tuna abin da za ku ce in kun ji. Na kuma tuna matar nan mai baki kamar buhu tana rataye a ɗakinsa a wata ƙasa. Na tattara agushin da ya zube, ɗaya-ɗaya, har na gama. Sa'an nan na ɗaga murya yadda za a ji a waje.

Na ce, "Iya Bose, ki gaya wa ɗan Inna ya ci gaba da aikinsa. Ki ce masa ni madubinki nake kallo, ban ga wanda ya hana mace kallon madubi ba."

Daga waje ta amsa, "Ya ji!"

Na mayar da idona cikin madubin, ban kuma sauke ba. Ba zan ce muku da sauƙi ba ne. Hawaye ya zo, na bar shi. Shi ma ya goge nasa da bayan hannu har ya shafa wa kumatunsa jan fenti, na yi dariya ban shirya ba, ya ce, "Yauwa, a tsaya haka," muka sake yin wata.

Da ya gama aka kai hoton Samaru, ya ce in zo in gani a inda aka rataye shi tare da na sauran. Matar tana zaune da kwando a cinya, hannuwanta a sake, ɓawon gyaɗa a zaninta. Kanta ya ɗan karkata. Bakin ba murmushi yake ba, amma ya kusa, kamar wadda ke da magana ta riƙe. Hasken ya sauka a goshi da gefen kumatu, da ɗumi, irin na hantsi. A cikin kowane ido ya ɗiga fari ɗan mitsitsi, wannan ɗigon kuwa shi ya sa idon ya jiƙe. Ban san haka nake ba. Ba mai ganin fuskarsa a lokacin da yake kallon abin da yake so.

Baturen ya daɗe a gabansa, hannu a baya. Ya matsa kusa, ya ja da baya. Sa'an nan ya tambaya da Hausarsa, "Wannan mata, wa take kallo haka?"

Ni ina bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Ɗan Inna ya gyara murya. Ya ce, "Ni take kallo."

To Kande, kin ji yadda aka zana ni. Kuna tambaya ko na ji kunya. Na ji, har yanzu ina ji, sunansa kuma yana nan inda yake, ban faɗa ba. Hoton yana wajensa, da shi zai tafi duk inda aka tura shi. Wadda ta karanta wannan ta sa shi a addu'a, Allah ya kai shi lafiya.